Taku Goma Sha Biyu Tsakanina da Kai

Ƙofar Wambai, Bauchi.
Ranar Talata.

Zuwa gare ka,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka. Allah Ya tsare hanyar da za ku kama, Ya tsare motar da direbanta, Ya sauke ku inda za ku lafiya, Ya haɗa ku da mutanen kirki a can. Amin.

Za ka yi mamakin samun wasiƙa daga mutumin da katanga ɗaya ce ta raba ɗakinsa da naka. Ni ma na yi wa kaina dariya, irin wadda ba ta da daɗi. Daga bakin zaurena zuwa ƙofar sashenka taku goma sha biyu ne, na ƙirga, amma ga ni da biro da takarda kamar kana wata ƙasa. Jibi Alhamis da sassafe za ka hau mota zuwa Fatakwal, kai da matarka, ka kama sabon aikinka na haɗa wutar lantarki. Yau kwana arba'in ke nan ba abin da ya haɗa ni da kai sai "ina kwana" da "lafiya lau". Tsorona ɗaya ne, shi ya zaunar da ni rubutu: kada ka tafi a haka. Na san irin wannan tafiyar. Wani ya taɓa yin ta daga cikin gidan nan ina kallo, bai dawo ba.

Ka ga kuma ban sa sunanka a saman takardar ba. Shekararka ashirin da tara ba ka taɓa jin sa a bakina ba. Kai ne ɗan farina, kuma haka muka tashi muka tarar a gidanmu: uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya ɗaukarsa a gaban mutane, ba ya zama hira da shi. Kunya ce, in ji manya. Ƙannenka na kira su da sunayensu, na ɗora su a wuya, na tsokane su sun tsokane ni. Kai kuwa "kai" ne, ko "wancan", ko "mutumin nan". Ban taɓa tambayar kaina yadda hakan yake a kunnen yaro ba.

Ba labari zan ba ka ba, ba kuma faɗa zan yi maka ba. Kurakuraina zan jera maka, ka ɗauki abin da zai yi maka amfani.

Ka san shekara talatin da biyu na yi ina masinja a ma'aikatar gwamnati. Aikina ɗaukar saƙo daga wannan ofis zuwa wancan, saboda haka ba wanda ya kai ni sanin abin da ke samun magana a kan matakalar bene. Shugaba zai ce, "Je ka gaya wa wancan malalacin ya kawo mini fayil yanzun nan." Kafin in sauka ƙasa ta koma, "Ranka ya daɗe, an ce in da sarari a taimaka da fayil ɗin nan." Wani masinjan kuma, in yana jin haushin wanda aka aike shi wurinsa, barkono yake ƙara mata a hanya. Duk na san wannan. Amma da na dawo gida na cire kakin aiki, sai in zama ni ne shugaban da ke aike, in zauna a zaure ina tura magana ta bakin wasu.

Wanda na fara cutarwa da wannan hali Baffanka Sani ne, ƙanena da muke uwa ɗaya uba ɗaya. Kana ɗan shekara shida lokacin, ƙila ba ka tuna yadda abin ya fara ba. Da mahaifinmu ya rasu aka raba gidan nan biyu, aka ja katanga. Sashen da kake ciki yanzu shi ne nasa. Rijiya ta faɗo a ɓangarena, sai aka bar 'yar ƙofa a jikin katangar, matarsa na shigowa ɗibar ruwa, 'ya'yansa na shigowa wasa. Shekara uku muna haka, ko musu bai taɓa haɗa mu ba.

Wata damina bakin rijiyar ya fara zaftarewa. Da safe na ga ƙaramar 'yarsa tana leƙawa daidai inda ƙasa ta tsage. Sani yana Zungur a makon, yana noman gonar da muka gada ta wajen uwa. Na kira magini ya toshe 'yar ƙofar da tubali, da niyyar in an gyara rijiyar a buɗe, sati biyu kacal. Na ɗauki kekena na tafi ofis. Ban gaya wa matarsa dalili ba, don suruka ce, ba na tsayawa magana da ita. Ban aika masa Zungur ba, don a ganina wa ba ya yi wa ƙane bayani. Na ɗauka duk mai ido zai gane.

Ya dawo ya tarar da matarsa a ƙofar gida da bokiti tana jiran mai garuwa, ga ɗanyen tubali a inda ƙofa take. Shi ma ɗan gidan nan ne, bai iya tako waɗannan taku goma sha biyun ya tambayi wansa ba. Sai ya aiko yayarmu, Goggonka Asabe. Ta shigo ko zama ba ta yi ba, ta ce, "Ƙaninka na tambaya, wai rijiyar ubanmu ta zama taka kai kaɗai ne?"

Raina ya ɓaci. Ni da na tsare masa 'ya daga faɗawa rijiya, ni ake yi wa wannan tambayar? Bayanin yana bakina, kalma biyar ba zai wuce ba. Na haɗiye shi na ce, "Ki ce masa ya haƙa tasa." Wannan kam Goggonka ta kai shi yadda yake, ba ta rage masa komai ba.

An gyara rijiyar cikin sati biyu kamar yadda na tsara. Ƙofar ce ban buɗe ba, ina jiran ya zo ya ba ni haƙuri. Shi kuma yana jiran in kira shi. Bayan kaka ya kwashe iyalinsa a bayan akori-kura ya koma Zungur gaba ɗaya. Ina zaure ina jin ana loda tukwane da gado, ban fito ba.

Shekara goma sha ɗaya muka yi a haka. Kada ka zaci gaba muka yi irin ta ɗauke kai. Ina! Mu da muka fi kowa iya gaisuwa? Malamai sun sha faɗa mana haramcin ƙaurace wa ɗan'uwa fiye da kwana uku, sai na yi wa kaina wayo. In mun haɗu a jana'iza ko ɗaurin aure, ya durƙusa, in miƙa masa hannu. Ina gajiya, ina gida, ina yara, yaya ruwa, yaya ibada. Mu tambayi juna lafiyar kowa har da ta awaki, ban da abin da ke cin mu. In na juya sai in ce a raina ai na yi masa sallama, na fita haƙƙinsa.

Ina ofis da hantsi aka zo aka ce Sani ya rasu, ciwon ciki na kwana biyu. Kafin in sami mota in isa Zungur an dawo daga maƙabarta. Ban ga fuskarsa ba, ban ɗauki makararsa ba. Ranar sadakar uku matarsa ta ce a kira mata ni. Ta tsaya a bayan zana, ta ce, "Yaya, akwai kayanka a bayan gida, ya ce kada a taɓa."

Na zaga na ga tsibin duwatsu, ciyawa ta rufe rabinsa. Na dawo na ce mata duwatsun mene ne waɗannan?

Ta ce, "Na rijiya ne. Ni na gaya masa bakinta ya tsage. Ya ce to lallai shi ya sa Yaya ya toshe ƙofa. Ya aiki Goggo ta tambaye ka ko ya kawo duwatsu daga gona a ɗaure bakin, don ya riga ya fara tarawa. Sai ta dawo da amsar da ka bayar."

Ban riƙe Goggonka a zuciya ba, kai ma kada ka riƙe ta. Ta ga yara ba ruwa, ta ji zafi a madadinsu, ta faɗi nata maimakon nasa. Masinja ne ni, na san hakan na faruwa kullum. Laifin na wanda ya karɓi zance daga bakin ɗan aike ya yanke hukunci ne, alhali mai zancen yana bayan katanga. Na dawo gida na ɗauki guduma na rushe tubalin nan da hannuna, mahaifiyarka na tsaye tana kuka. Ƙofar ta buɗe, amma sashen ba kowa a ciki sai ƙadangaru.

To ka ji na farko. In za ka yi abin da zai taɓa wani, ko alheri ne kake nufi, ka faɗa masa dalili kafin ka yi. Kada ka ce ai zai gane. Mutum in ya ga ƙofa a toshe ba alheri yake fara kawowa a ransa ba. In kuma an kawo maka magana mai zafi an ce wane ne ya faɗa, kada ka ba ɗan aiken amsa. Ce masa ka ji, ka sa takalminka ka je wurin mai maganar, ka ce, "An ce ka ce kaza, me kake nufi?" Ba ƙasƙanci ba ne, ko da ka girme shi. Kuma kada gaisuwa ta ruɗe ka. Kana iya gaida mutum shekara goma ba ka yi masa magana ko sau ɗaya ba.

Za ka zaci bayan wannan na yi hankali. Na yi kuka dai, amma hankali ban yi ba, don a daidai lokacin nan ina yi maka irin abin da na yi masa, ta hannun mahaifiyarka, Allah Ya jiƙanta.

Ita ce hanyar da ke tsakanina da kai tun kana ƙarami. Ita ma ɗan farinta ne kai, ita ma ba ta kiran sunanka a gaban mutane, amma in kun shiga ɗaki ta kan ajiye kunyar a bakin ƙofa. In ina son ka yi abu, in ce mata, "Gaya wa mutumin nan." In kana son abu, ka ce mata, "Inna, ki gaya wa Baba." Ka tuna shekarar da Baffanka ya rasu, ka ce ba za ka ƙarasa sakandare ba, kana son koyon aikin wuta a shagon Oga Obinna, mai sayar da kayan lantarki a bakin barikin Shadawanka? Abin da na ce mata shi ne, "Gaya masa in ya bar makaranta kada ya ƙara tako mini zaure." Ta tafi ta dawo ta ce, "Ya ce ya ji, zai ƙarasa." Na ji daɗi, na ce ashe tsawa na aiki.

Sai bara, da take kwance a asibiti, na san gaskiya. Da rana ne, kun fita sallar azahar, ni da ita kaɗai. Ta ce, "Malam, ka san abin da na gaya wa yaron nan a wancan lokacin? Ce masa na yi babanka ya ce yana alfahari da hannunka, ka daure ka ƙarasa shekara ɗayar, shi da kansa zai kai ka shagon."

Na ce, "Ni na faɗi haka?"

Ta ce, "Da ka iya faɗa, da haka za ka faɗa. Shi ma abin da ya ce ba 'na ji' ba ne. Cewa ya yi, 'Inna, mutumin da bai san sunana ba ina ruwansa da makarantata?' Na haɗiye wannan, ban kawo maka ba." Ta mai da numfashi, sannan ta ce, "Na gaji da dakon maganarku, Malam. In na tafi, wa zai ɗaukar muku?"

Na ce mata ta daina irin wannan zancen, za ta warke. Ka ji amsar da na ba mace mai shirin barin duniya. Kwana tara bayan nan muka kai ta.

Ban ga laifinta ba, ita ta riƙe gidan nan. Amma ka duba abin da ya fito daga ciki. Shekara da shekaru ina zaune da ɗa mai cewa "na ji" wanda babu shi, kai kuma kana da uba mai cewa "ina alfahari da kai" wanda bai taɓa buɗe baki ya faɗa ba. Ban san fushinka ba, balle in nemi maganinsa. Saboda haka kada ka mai da matarka masinja tsakaninka da kowa, ko 'ya'yanka ko maƙwabta ko danginta. Kaya ne mai nauyi, yana cin mai ɗaukarsa. In an zo sulhu kuma kada ka nemi a gaya maka mai daɗi kawai. Ka bar mutum ya faɗi abin da ke ransa yadda yake, ka daure ka ji har ƙarshe ba ka katse shi ba. Zafin da ka ji da kunnenka ka san inda za ka taɓa, wanda aka ɓoye maka kuwa yana nan yana ruruwa.

Saura na uku, wanda ka sani, amma ba ka san yadda yake ta ɓangarena ba.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, muna tsaye ana gaisawa, wani maƙwabci ya kama hannuna ya ce, "Malam, barka da arziki, ashe yaro ya sami babban aiki a Fatakwal." Mutane suka juyo suna taya ni murna. Na ce alhamdulillahi, na yi murmushi kamar da ni aka shirya. Allah kaɗai Ya san yadda na kawo kaina gida. Ɗana zai bar gari, duk unguwa ta sani, ni ne na ƙarshen ji, a bakin titi.

Tun rasuwar mahaifiyarka matarka ke ciyar da ni. Ta wannan 'yar ƙofar da na taɓa toshewa take shigowa da kwano, ta durƙusa ta ajiye. Ranar Juma'ar nan masa ce da miyar taushe, ta san ina so. Ban ɗaga faifan ba na ce, "Mayar, na ƙoshi." Kai ɗan gari ne, ka san abin da mayar da kwano yake nufi a gida irin namu. Na so ka ga kwanon ya dawo a cike, ka gane ka yi laifi, ka zo ka durƙusa. Washegari ma na mayar, da wanda ya biyo baya. Ina cin abin da ya samu a bakin kasuwa kamar gwauron da ba shi da kowa, ina jiran ka.

Ba ka zo ba sai gaisuwar safe, ita ma a tsaitsaye. Yarinyar nan kuwa ba ta fasa kawowa ba ko rana ɗaya. Wajen kwana na ashirin ta ajiye kwanon ba ta tashi ba, kanta a ƙasa, ta ce, "Baba, in gishiri ne ya yi yawa, ko wani abu na yi, a gaya mini in gyara." Saƙon da na aika maka ashe a kanta ya sauka, ita da ba ta ci ba ba ta sha ba. Ka san me na ce? Na ce, "Ba komai."

Jiya Litinin da la'asar sai ga Oga Obinna a ƙofar gida. Shekara goma sha ɗaya kana wurinsa bai taɓa zuwa ba sai ranar aurenka da ranar ta'aziyyar mahaifiyarka. Na shimfiɗa masa tabarma, na fara ina gajiya, ya ɗaga hannu.

Ya ce, "Baba, ni ban iya dogon gaisuwa irin naku ba. Yaronka ba ya cin abinci, ba ya magana. Ranar Asabar ya haɗa waya ba daidai ba, wuta ya kusa kashe shi. Tun da yana wurina bai taɓa yi haka ba. Matarsa shi ma kullum kuka. Mene ne ya yi maka?"

Na ce, "Ba komai."

Ya buga cinyarsa ya ce, "Ba komai! Kullum ku ba komai, ba komai. Mutum zai mutu, ba komai. Ni ne na samo masa wannan aiki wurin ɗan'uwana, don ya fi ƙarfin shagona. In ba ka so, ka faɗa."

Na ce ba aikin ne ba na so ba. A titi na ji, shi ne abin da ya ƙona mini rai.

Ya dube ni ya ce, "Baba, sau uku ya zo nan zai gaya maka. Ni na tura shi. Ya ce ya gaishe ka, ya zauna, ya ce 'Baba, dama', kai ka ce 'madalla', ka ƙara muryar rediyo. Sau uku. Ya ce bai san yadda ake fara magana da kai ba, mamansa ne ya sani."

Na tuna duka ukun. Na tuna ka tsuguna a bakin ƙofar zaure ka daɗe fiye da kullum kana murza hularka, ni kuma kunyar zama da kai ta ishe ni, na kai hannu ga rediyo. Ban kawo a raina magana ce a bakinka ba. Ni na toshe ƙofar, na kuma zauna ina fushi ba a shigo ba, yadda na yi wa Sani. Mutumin nan da ba addininmu ɗaya ba, ba yarenmu ɗaya ba, ya gaya mini a cikin minti goma abin da dangina kaf suka kasa, don duk kunyata suke ji. Allah Ya saka masa da alheri.

Da ya tafi na ƙudura in kwanon ya zo zan cinye har in suɗe, in mayar da shi wayam, ka gani ka gane na sauko. Ka ga har a lokacin ma ta bakin kwano nake son yin magana. Na zauna har aka kira magariba, kwano bai zo ba. Na leƙa ta 'yar ƙofar, na hango an ɗaure tukwane da kwanuka cikin buhu an jingine a bango. Ban taɓa jin gidan nan ya yi mini girma kamar jiya ba.

Na ukun ke nan. Kada ka hukunta kowa da shiru, kada ka aika fushi ta hanyar kwano ko ɗaure fuska ko ƙin amsa sallama. Wanda ka nufa ba lallai ya karanta daidai ba, kuma sau da yawa marar laifi yake samu. Inda za ka ma ba wanda zai tsaya karanta shirunka. Mutanen can za su faɗa maka magana gatsal, da murya sama, kada ka ɗauka ƙiyayya ce, ka ga dai Oganka. In abokin aiki ko mai gidan haya ya ɓata maka, ka bari zuciyarka ta sauka, amma kada ka bar abin ya wuce kwana uku. Ka same shi shi kaɗai, ka faɗi abin da ya faru da yadda ka ji, ban da zagi, ban da tono na bara. Sannan ka yi shiru ka ji nasa, don ƙila shi ma yana da tsibin duwatsunsa da ba ka gani ba.

Matarka kuma amana ce. A nan in ka ɗaure mata fuska tana da gidansu, tana da ƙawaye. A can ba ta da kowa sai kai, in ka yi mata shiru duniya ce ta yi mata shiru. Ka jure wa jin "ka yi kuskure" daga bakinta. Kuma ka roƙa mini ita gafara. A'a, bar shi, wannan ma aike ne. Ni zan roƙe ta da kaina.

Ban ce ka zubar da kunya ba, tana da wurinta, ita ta sa muke ganin girman juna. Amma in Allah Ya ba ka ɗan fari, ka kira shi da sunansa, ka zaunar da shi kusa da kai, ko da tsofaffi za su ce ka yi rashin ta ido. Ni na riƙe al'ada da kyau, ba wanda ya taɓa kama ni da saɓa mata, ga ni a zaure ni kaɗai da rediyo.

Game da tafiyarka, ga abin da ya kamata ka ji tun ran da ka fara cewa "Baba, dama". Na yarda ka tafi. Na sa maka albarka. Ina alfahari da hannunka, wannan karon ni na faɗa, ba mahaifiyarka ba. Abin da na yi maka na kwana arba'in ɗin nan zalunci ne, na shekara ashirin da tara kuma ban san sunan da zan ba shi ba. Ka yafe mini.

Na san takardar nan ma masinja ce. Na zaɓe ta ne don ita ba ta ragi ba ta ƙari, kuma ni zan kawo ta da ƙafata in sa maka a hannu. Gobe Laraba bayan la'asar ina zaure, rediyo a kashe. Ka zo ka gaya mini zancen aikin nan tun daga farko kamar ban ji ba. In da faɗa za ka zo, ka zo da shi, har da maganar nan da mahaifiyarka ta haɗiye. In kuma ba ka zo ba, ba zan ga laifinka ba, ni na koya maka. Sai dai shekaruna sun ja, Fatakwal kuma ba Zungur ba ce. Zungur ɗin ma ban isa a kan lokaci ba.

Allah Ya kai ku lafiya, Ya tsare ku daga sharrin hanya da na ƙarfe da na mutum. Allah Ya tsare hannunka daga wuta, Ya sa albarka a abin da za ka samu, Ya zaunar da ku lafiya kai da iyalinka. Allah Ya jiƙan mahaifiyarka da Baffanka Sani, Ya sa su yafe mini. In muna da rabon sake ganawa Allah Ya nuna mana, in babu Ya haɗa mu a inda ba a rabuwa.

Ɗazu da hantsi, da na tabbata kun fita sallama da dangi, na tsaya a bakin rijiya na gwada kiran sunanka. Sau biyu ya maƙale mini a wuya. A na uku ya fita, da wata murya da ban san tawa ba ce, ba kuma kowa a gidan da zai amsa. Ban sani ba ko gobe zan iya a gabanka, shi ya sa zan ajiye maka shi a nan, ka tafi da shi ko da bakina ya gaza.

Allah Ya kiyaye hanya, Shu'aibu. Shu'aibu, ɗana.

Wassalam.
Ni ne mahaifinka.